Sabon Fenti a Tsohuwar Hanya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun sauko da baƙuwar da ta faɗi. Mu shida muka ɗauko ta a bargo da sanduna biyu, tun daga can sama har bakin ƙofar shiga, awa uku da rabi. Ƙafar dama ce ta karye, ƙasan gwiwa. Ban tsaya kallo ba. Mijinta na biye da mu rungume da takalminta ƙafa ɗaya, yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya tunkuɗa ta.

Shekara tara ke nan ina raka baƙi zuwa magangarun ruwan nan guda biyar, ban taɓa sauko da mutum a kwance ba sai yau. Kafaɗata zugi kawai take yi.

Amma ba kafaɗar ce ta sa na ɗauko littafin nan ba, maganar matar ce. Duk inda muka ajiye ta don mu huta sai ta kama hannuna ta ce, "Wallahi alama na bi." Dogo, mai shafa alamun hanyar sama, ya ce zafin ciwo ne ke sa ta sambatu. Ni ma haka na ɗauka, don a tsohuwar hanyar magangara Ta Huɗu muka tsince ta, wadda aka rufe shekara goma sha ɗaya da suka wuce bayan dutse ya zaftare ya yanke ta. Babu alama a can. Baba da kansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rufe da fenti ruwan toka, ni na riƙe masa gwangwani. Da muka je ɗaukar ta hazo ya sauko, kowa ƙafarsa yake kallo, ba wanda ya duba jikin duwatsu.

To wace alama ta bi?

Na tarar da Baba zaune a ƙofar gida. Na ba shi labari, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ya ci abinci sosai.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Oga ya rufe hanyar sama sai abin da hali ya yi. Ya tara mu a ofis ya yi mana jawabi a gaban taswirar bango, yana nuna wuraren da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Tun da aka kawo shi bai wuce Ta Ɗaya ba, inda akwai benci da mai shayi. Ban ga laifinsa ba, tumbin ba na hawa ba ne.

Shi rahoto yake so. Ni wurin nake so in gani da idona.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na hau ni kaɗai.

A mararraba, inda sabuwar hanya ta karkata ta bi ta gadar katako, tsohuwar kuma ta miƙe, akwai tarin duwatsun da muka toshe bakin tsohuwar da su. An kwashe. Ba watsarwa aka yi ba, an jera su a gefe tsaf, manya a ƙasa ƙanana a sama. Kuma ga alama nan a jikin dutsen farko, farin layi da jan layi a ƙarƙashinsa, sabuwa fil, ko warin fentin bai gama fita ba.

Ƙa'idar aikin guda biyu ce, tun ina yarinya nake jin ta a bakin Baba. Idan ka tsaya a kan alama, dole ka hango ta gaba ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Sannan kowane dutse fuska biyu ake shafa masa, ɗaya ta mai hawa, ɗaya ta mai saukowa, don abin da ido ya gani da hawa ba shi zai gani da saukowa ba. Na bi su ina gwadawa. Ashirin da uku ne, ko ɗaya ba ta saɓa ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, kowacce a kan tsohon gurbinta aka ɗora ta, har inda gansakuka ta rufe tabon ruwan tokar an kankare an gano shi. Ni da na riƙe gwangwani a ranar ba zan iya nuna biyar daga ciki ba.

Ta ashirin da uku na kan dutsen ƙarshe. Taku huɗu bayanta hanya ta ƙare, sai kwazazzabo. Ga inda ta zame, ga ɗan tudun da ya tare ta, ga hularta can ƙasa maƙale a reshe.

Na manta yadda Ta Huɗu take daga nan. Sabuwar hanya ta gefe take kai mutum, rabin ruwan kawai yake gani. Daga nan kuwa gaba da gaba kuke, tun daga inda ya ɓallo har inda ya faɗa, feshinsa na zuwa har fuska. Na zauna na daɗe. Kunya nake ji in rubuta cewa na ji daɗi, amma na ji.

Kowane mai fenti da hannunsa. Layin Dogo a dama yake ƙarewa, da kauri, don danna buroshi yake. Waɗannan a hagu suke ƙarewa, da 'yar wutsiya siririya da ta ɗaga sama. Bahago ne ya ja su.

Bahago ɗaya ne a aikin nan, shekara arba'in da ɗaya.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Baba na juya shayi da hagu. Na zuba wa hannun ido har ya ce, "Uwata, lafiya?" Na ce lafiya lau.

Akwai ja a ƙarƙashin farcen babban yatsansa. To ai kullum akwai. Alamun hanyar ƙasa har yanzu a hannunsa suke, makullin siton fenti na rataye a wuyansa. Wannan ba shaida ba ce.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Mijin matar ya zo ofis da hotuna a wayarsa. Ashe ya ɗauki matarsa tana dariya kusa da alamun, uku ko huɗu. Oga ya duba, ya juyo ya tambayi sashen wa ne daga Ta Uku zuwa sama. Kowa ya san na Dogo ne. An dakatar da shi, an karɓe makullinsa, kwamiti zai zauna a kansa ranar Litinin ashirin da huɗu ga wata. In suka ce shi ne, aikin ya tafi ke nan. 'Ya'yansa huɗu.

Dogo ya daɗe yana kallon hoton. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Ya ajiye makulli ya fita.

Ina tsaye a wurin. Na matsa na ba shi hanya.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

An wuni ana ruwa. Ba baƙi. Ban fita ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Oga ya tura mu mu uku mu mayar da duwatsun, mu ɗaura jar igiya. Mun yi. Sauran biyun sun kalli alamun sun yi ta Allah wadai da Dogo. Ba masu fenti ba ne, layi a wurinsu layi ne.

Da muke saukowa na tsaya wurin mai shayi, na yi ta zagaye-zagaye kafin na tambaye shi ko Baba na zama a wurinsa da safe. Ya yi dariya ya ce wane zama, ai tsohon nan wucewa yake kamar an biyo shi, makon jiya sau uku ya ga ya yi sama da gwangwaninsa, sai wajen azahar ya sauko.

Na yi ta auna abin a kaina. Ina fita bakwai, ina dawowa biyu. Ni da ƙuruciyata awa biyu nake yi zuwa mararraba. Mutum mai shekara saba'in da uku ya hau, ya kwashe duwatsun da mu uku muka yi gumi a kansu, ya yi aikinsa, ya sauko, ya wanke hannu, na dawo na tarar da shi a ƙofa yana sauraron rediyo. Tsoro ya kama ni, amma wallahi har da ɗan alfahari a ciki. Wace irin 'ya ce ni?

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kira Yaya. Na yi ta kame-kame, shi kuma ba ya son dogon bayani, sai ya ce in faɗi abin da zan faɗa. Na faɗa.

Tambayarsa ta farko, wa ya gani? Na ce ni. Ya ce to ban gani ba. Wai Dogo da sauran ƙarfinsa, zai samu wani aikin, amma Baba in aka raba shi da dutsen nan da sunan ya karya baƙuwa, ba zai kai baɗi ba. Wai in lallaɓa har ƙarshen shekara ya zo ya ɗauke shi zuwa birni. Daga cikin ofis mai sanyi komai da sauƙi yake. Na ce masa Baba ba buhu ba ne da za a zo a ɗauka. Ya ce, "Auta, ba da ni kike faɗa ba." Haushin da na ji shi ne gaskiya ya faɗa.

Ya tambaya ko na lura da wani abu a 'yan watannin nan. Na ce a'a.

Ban gaya masa gishirin da aka zuba a shayi ba. Ban gaya masa tocilan da na tsinta a cikin tukunya ba. Ban gaya masa ranar da Baba ya kira Dogo da Gajere ba, abokin aikinsa da ya rasu tun ina makaranta. Mun yi dariya ranar, Dogo ya ce wannan ai cin mutunci ne.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Na gwada wani abu. Muna zaune yana gyaran igiyar takalminsa na ce, Baba, wani baƙo ya tambaye ni hanyar Ta Huɗu na rikice, tuna min.

Ya ajiye takalmin. Ya fara daga Ta Uku: a haye ruwan ta duwatsu bakwai, na biyar na motsi, kada a yarda da shi. A hau matakalar saiwoyi. A mararraba a miƙe, a bar dutse mai kama da tukunya a dama, a sunkuya a ƙarƙashin bishiyar da ta kwanta, a bi gefen bango ana dafa shi da hannu. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Bishiyar ma tana nan, na sunkuya a ƙarƙashinta ranar Talata.

Na ce, gadar katako fa?

Ya ce, "Wace gada?"

Shi ya auna ta. Shi ya ɗauki katakon farko a kafaɗa. Can bayan ɗan lokaci ya ce au, gadar, ya yi dariya, ya ce in duba ko ruwan zafi ya tafasa. Na ga a idonsa bai same ta ba.

Ina ta mamakin yadda abin yake a ciki. Dutse mai motsi na nan, tabon fenti a ƙarƙashin gansakuka na nan, amma gada sukutum ta ɓace. Wa ke zaɓar abin da zai tafi? Daga baya ake fara kwashewa? In haka ne, ni a ina nake a layin?

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Matar Dogo ta dawo da babbar tukunyarmu da ta ara tun watan jiya. Ta wanke ta ƙal. Ta gaida Baba har ƙasa, ta tambayi jikina, ta ƙi zama. Da ta zage ni da ya fi min.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je asibiti. Ashe malamar lissafi ce. An rataye ƙafar da ƙarafa, likitoci ba su ce komai ba tukuna game da tafiya, ko kuma sun ce ba ta so ta maimaita min.

Na ɗauka zan tarar da mai fushi. Sai na tarar da irina, mai son jin dalilin abu. Ta ce ƙirga su take yi tana tafiya, halinta ne, ashirin da uku. Ta ce ta hau duwatsu da dama, ba ta taɓa ganin alamu masu kyau haka ba, duk inda ta fara shakka sai ta ɗaga ido ta ga ɗaya na jiran ta. Hazo ya rufe gaba, amma ta ce wa mijinta su ci gaba.

"Wanda ya shafa su ya san aikinsa," in ji ta. "Da aikin banza ne da na juya tun a ta uku."

Ta tambaya ko na san shi. Na ce an dakatar da mutum ɗaya. Ba ƙarya na yi ba. Na fito na bar jakata sai da mijin ya biyo ni da ita.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Na ɓoye takalminsa na hawa a bayan buhun gawayi. Ya neme shi, ya gaji, ya zauna.

Asabar, 15 ga wata, da safe

Ya samo. Ya ce ɓera ne ya ja.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jiya na kai baƙi Ta Biyu, na dawo na tarar da laka a takalminsa har idon sawu. Yau na ce wa Oga ba ni da lafiya, na hau.

An sake kwashewa. An jera su a gefe, manya a ƙasa ƙanana a sama. An kwance jar igiyar an naɗe ta an rataye a reshe, irin naɗin da ya koya min.

Na tsaya ina kallo, na san abin da ke gabana. Dogo na gida kwana goma sha biyu, bai taka dutsen ba, mai shayi shaida ne. In na sauka na kira Oga, ko na ɗauki hoto guda ɗaya, Dogo ya fita.

Na mayar da duwatsun ni kaɗai. Awa biyu. Farcena biyu sun fashe. Na ɗaura igiyar yadda take.

Wannan ba Baba ya yi ba, ni na yi, kuma da hankalina.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je gidan Dogo. Ban san me na je yi ba. Yana tsakar gida yana gyara wa 'yarsa keke, ya turo min kujera da ƙafa. Muka yi zancen ruwan sama, muka yi zancen sarƙar keken. Sai ya kalli yatsuna ya ce dutse ba a ɗaga shi da farce.

Na ce, Dogo, akwai maganar da zan gaya maka.

Ya ce, "Kada ki gaya min. Wa ya ɗora min buroshi a hannu? Shekara sha huɗu ina bin bayansa. Kina tsammanin sai na hau kafin in gane wutsiyar nan? A hoton na gan ta."

Na ce to me ya hana shi faɗa.

"In faɗa a gaban wa? In miƙe in ce tsohon da ya koya min aiki ya..." Bai ƙarasa ba. Ya juya fedar keken ya bar ta tana wulwulawa. "Ba bakina ba ne zai faɗa, 'yar Baba."

Na ce aikinsa fa, yaran fa. Ya ce Allah na nan. Matarsa na bakin murhu ta juya mana baya, tana ji.

Da ya tsane ni da na samu abin riƙewa. Yanzu ba ni da kowa da zan ji haushi.

Alhamis, 20 ga wata, da rana

Saura kwana huɗu kwamiti ya zauna. Ruwa ya ƙaru, ana jin Ta Ɗaya daga tsakar gida.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba zan faɗa a bayan idonsa ba. In za a ƙwace masa dutsen, a bari ya gani da kansa tukuna. Na ce masa gobe ya raka ni sama, akwai alamun da nake so ya duba min. Murna kamar yaro. Na sa gwangwanin ruwan toka a jakata ban nuna masa ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Shi ne a gaba. Ina haki yana min tsiya, wai yaran yanzu ƙafarsu ta burodi ce. A Ta Uku ya tsallake dutse na biyar bai ko kalle shi ba.

A mararraba ya ja tsaki ya ce wane marar aikin yi ne ke ta toshe hanyar nan, sau biyu yana buɗewa. Muka haura ta kan tarin. Yana tafiya yana shafa alamun da tafin hannu, a kowacce ya tsaya ya hango ta gaba ya gyaɗa kai. Yau ba hazo, gari garau.

A ta ashirin da uku ya tsaya, ya ɗaga ido yadda ya saba. Ya duba gaba, ya duba sama, ya matsa gefe ya sake dubawa.

"Ina ta gaba?"

Na ce babu, Baba. Dutse ya zaftare shekara goma sha ɗaya. Kai ka rufe hanyar nan, kai ka yi gadar katako.

Ya daɗe a tsaye. Ruwan na ta zuba a gabanmu, na riƙe gefen rigarsa. Sai ya hango hular a reshe. Ya zauna a kan dutsen a hankali, ya kalli alamar, ya ɗora yatsa a kan wutsiyar.

"Matar nan da kuka sauko da ita."

Na ce nan ne.

"Ni ne?"

Na ce kai ne, Baba.

Bai yi kuka ba, ni na yi. Ya bari na gama, sannan ya tambayi wa aka kama da laifin. Na ce Dogo, gobe za a zauna. Ya ce kwana nawa na sani. Na ce tun farko. Ya kalle ni irin kallon da yake min in na zo da sakamako marar kyau, ya ce, "Uwata, ba haka na rene ki ba." Sannan ya ce in goge masa shuɗiyar rigarsa, gobe da kansa zai shiga ofis ya faɗa, ya ajiye musu makullinsu. Ya ce mutum in ya fara sa alama inda babu hanya, ya gama.

Na fito da gwangwanin. Ya karɓa bai tambayi yadda aka yi na zo da shi ba. Ya fara daga ta ƙarshe muna komawa baya, fuskar mai hawa da fuskar mai saukowa, bai tsallake ko ɗaya ba. A mararraba ya gyara min tarin duwatsun, wai na jera su kamar mai jin barci. Ya tsaya ya kalli gadar katako daga nesa ya ce ba laifi, wanda ya yi ta ya iya.

Mun sauko ina jin kaina sakayau, rabon da in ji haka tun ranar uku ga wata. Baba na nan. Duk abin da ya tafi, shi yana nan. Na goge rigar na rataye a bayan ƙofa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ya ga rigar ya tambayi inda za mu. Na ce ofis. Ya ce me aka yi a ofis?

Na ce jiya fa, Baba, da muka hau. Ya ce ai jiya bai fita ba. Yana ta juya hannunsa yana kallon ruwan tokar da ya bushe a yatsunsa, ya ce wannan kuma daga ina.

Na buɗe baki in fara daga farko. Na kasa. Sau ɗaya na iya.

Ya shiga wanka, ya rataye makullin a ƙusa.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na faɗa. Su uku ne a bayan tebur, da Oga, da Dogo a kujerar gefe. Na faɗi wutsiyar, na faɗi mai shayi, na faɗi duwatsun da na mayar ranar sha bakwai ban gaya wa kowa ba. Wannan na ƙarshen sun rubuta shi daban, za su neme ni. Na ajiye makullin a kan tebur. Oga ya ɗauka ya sa a aljihun tebur ya rufe a hankali. Ya ce daga yau a sanar da mai gadin ƙofa, kada a bar Baba ya wuce shi kaɗai.

Dogo zai koma aiki gobe. Bai yi min godiya ba, ban so ya yi ba. A bakin ƙofa ya ce in an kwana biyu zai zo gaida tsoho.

Na dawo na tarar an birkice ɗaki. Katifa a ƙasa, akwati a buɗe, har tukwane ya sauke. Yana tsaye da shuɗiyar rigar a jikinsa, ya sa maɓallin a karkace, ya ce an shigo an sace masa makulli. Da na ce ɓera ne ya ja da ya yarda. Da na ce bari mu nema tare da mun wuni muna nema.

Na ce ni na ɗauka, Baba. Na mayar ofis. Ba za su sake ba ka ba.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gadon ya dube ni sosai, yana so ya gane.

"To me na yi miki, Uwata?"

Na ce bari in sauke tukunya in zo. Babu komai a kan wuta. Ina nan a ɗakin girki da littafin nan a cinya, shi kuma yana can yana jiran amsa.